Tafintan Fim ɗin Bebaye

Kunnen maigidana ya fara mutuwa tun kafin ya ajiye tuƙi, amma a gidanmu babu wanda ya isa ya faɗa. Shekara talatin da ɗoriya yana jan kamiyo tsakanin Kwatano da Gaya da Yamai, inji na ruri a ƙarƙashin kujerarsa, to me ake jira? Ni na lura tun da wuri. In na ce, "Malam, na kai maka ruwa bayi," sai ya ce, "Lafiya lau suke, suna gaishe ki." In na yi zancen likita kuwa, ranar ba zaman lafiya. Kunnensa garau yake, in ji shi, mu ne muka koyi magana ciki-ciki kamar masu ciwon haƙori.

Ni malamar lekol ce, kuma ina da wani ciwo da har yau ban warke ba: ba na iya ganin kuskure in wuce. Jan bik ɗina, alƙalamin da nake gyara da shi, ya gyara katin gayyatar auren ɗiyar ƙanwata bayan an riga an raba shi. Na taɓa sauka daga kabu-kabu don in gaya wa mai facin taya cewa allonsa ya ci harafi biyu. Malam in yana son tsokanata sai ya kira ni Madam, yana jan kalmar. Shi bai yi lekol ba, ba ya karanta boko, amma hanya ta ba shi baki fiye da nawa. Yana jin Dendanci da Zabarmanci kamar a nono ya sha su, yana da Faransancin da ake yi da jandarma, da Yarbancin ciniki, da Ingilishin da ya tsinto wajen Kamba, da wani yare na bakin teku wanda nake zargin zagi kawai ya iya a cikinsa.

Da wannan tarkacen harsuna ya zama tafintan gidanmu. Kowace Lahadi bayan azahar, in yana gari, sai a shimfiɗa tabarma a falo, a kawo rake da dafaffen muruci, a sa fim, shi kuma ya hau kujerarsa ya dinga gaya mana abin da mutanen ciki ke cewa. Ko na Indiya ne ko na Sin, bai taɓa cewa bai ji ba. Rabin fassarar ƙarya ce, kowa ya sani, amma ƙarya ce mai daɗi, kuma yana tsintar kalma ɗaya nan ɗaya can ya ɗora gininsa a kai. Ƴaƴanmu a kan wannan tabarma suka girma. A lokacin da nake ba da labari duk sun watse, sai autarmu, budurwa mai aji na ƙarshe a lise.

Da kunnen ya ƙara nisa sai ya shiga ƙara muryar tele. Ya ƙara, ya ƙara, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko biki muke ba mu gayyace ta ba. Bai ji abin da ta ce ba, amma ya ga fuskarta, ya ga tamu, ya miƙa hannu ya kashe tele. Lahadi ta gaba ya sanar da mu cewa ya yi tunani, kallon fim ɓata lokaci ne, mutum mai shekarunsa tasbaha ce ta kamace shi. Tsoron Allah ya sauko masa rana ɗaya. Ya ɗauki buzunsa ya koma zaure.

Da farko dariya na yi. Daga baya dariyar ta ƙare. Ya daina zaman hira a tsakar gida. Ya daina zuwa tashar manyan motoci inda tsofaffin direbobi ke shan shayi, don kada a tambaye shi gabas ya amsa yamma. Mutumin da surutunsa ke hana ni gyaran kaye, wato littattafan aikin ɗalibai, ya koma sai gyaɗa kai. Na ji tsoro, in faɗi gaskiya. Tsorona shi ne in rasa mijina alhali yana raye, yana zaune a zauren gidana, muna gaisawa safe da yamma kamar ƴan haya.

Faifan farko ba don shi na saya ba. Na ƙetare gada zuwa kasuwar Malanbil neman atamfa, sai ruwa ya tsare ni a rumfar wani tsoho mai kayan gwanjo, irin waɗanda ake kwasowa daga gidajen Turai a cika kwantena har Kwatano. Akwai agogon bango marar hannu, akwai takalmin tafiya kan ƙanƙara, ban san wanda yake jira ya saya ba a wannan zafi namu. A cikin wani kwali kuma faya-fayan fim ne. Don kada in sha inuwar mutum in fita haka nan, na zaɓi ɗaya saboda hoton jikinsa: wata ƴar anasara mai guntun gashi da idanu sha-kwalli tana hararar wani saurayi mai hular kaba, shi kuma yana riƙe da takalminta ƙafa ɗaya. Na ce ko ba komai a ji yadda takalmin ya zo hannunsa.

Ranar Lahadi muka sa shi, ni da auta. Hoto ya fito baƙi-da-fari. Wani kiɗa ya tashi ƙwal-ƙwal-ƙwal kamar ana buga cokali a kwalba. Mutane suka fito, bakinsu na motsi, amma ko tari ba a ji. Auta ta ƙara murya, kiɗan ya ƙaru, mutanen suna nan bebayensu. Ta fitar da faifan, ta hura masa iska, ta goge shi da gefen zane, ta mayar. Ta ɗan mari na'urar. Shiru.

"Inna, an cuce ki," in ji ta. "Muryar ta zube a hanya."

Raina ya gama ɓaci, ina shirya kalmomin da zan kai wa tsohon nan, sai ga Malam ya shigo ɗaukar buta. Ya tsaya a bakin ƙofa. A cikin tele yarinyar tana aiki a wani babban kanti, saurayin ya shigo yana yi kamar mai sayen safar hannu, ya gwada wannan ya gwada waccan, idonsa na kanta, har ya cusa hannu biyu cikin safa ɗaya ya kasa fitarwa. Ita kuma ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗaga gira ɗaya. Sai na ji wani abu a bayana da na yi watanni ban ji ba. Malam ne ke dariya.

Ya ajiye butar. Ya zauna a bakin kujerarsa kamar wanda ba zai daɗe ba.

"Cewa take," in ji shi, "kai malam, in ba saye za ka yi ba, ka ba mutane wuri."

Auta ta buɗe baki. "Baba, ai ba su…"

Na mintsine ta a cinya, mintsinin da ta ce sai da ya kwana uku.

"Ku kasa kunne da kyau," in ji Malam. "Ingilishin da ne, mai wuya. Ba kowa ke jin sa ba."

Wallahi ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Shi ba ya jin komai, ya ɗauka mu muna ji. Sauran fina-finan sun kuɓuce masa ne don mutane na tsayawa ƙiƙam su yi ta zuba, in ba ka ji ba ka ɓata. Waɗannan kuwa komai a fuska yake da hannu da kafaɗa. Har aka gama bai tashi ba, la'asar ma sai da na tuna masa. Takalmin kuwa, ashe a ƙofar jirgin ƙasa ya maƙale, saurayin ya bi ta da shi rabin gari.

Duk da haka ban yafe wa tsohon ba. Amfanin da faifan ya yi daban, cuta daban. Ranar kasuwa na sake ƙetare gada, ko fofo ɗin da tsohon ya gaishe ni da shi ban amsa ba, na dangwara masa faifan a kan tebur na ce ya ji tsoron Allah, ya sayar wa matar aure kayan da ba su da murya. Ya dube ni, ya dubi faifan, ya kama dariya har tari ya sarƙe shi.

"Madam," in ji shi, "ba lalacewa ya yi ba. Haka aka haife shi."

Ashe a ƙuruciyarsa ya yi aikin haska fim a wani gidan silima a Kwatano, ya san kan abin. Ya ce kusan shekara ɗari ke nan da yin waɗannan, tun ba a iya sa murya a fim ba, sai kiɗa da ɗan rubutu jefi-jefi. Ya ce na ma yi sa'a, nawa na ƙarshe-ƙarshe ne, gab da murya ta shigo, lokacin da masu yin su suka gama ƙwarewa. Na farko-farkon gudu ne da faɗuwa da jifa da abinci. Na ƙarshen kuwa, yarinya za ta gyara wa saurayi kwalar riga ka san an gama magana. Da murya ta zo aka watsar da su, da yawa suka ƙone, wasu suka ruɓe a ɗakunan ajiya, shi ya sa a can Turai akwai masu bin abin da ya rage gida-gida kamar masu neman maganin haihuwa.

"A nan kuwa," in ji shi, "duk wanda ya saya sai ya dawo mini da shi da zagi. Ke ce ta huɗu a kan wannan faifan. Amma zaginki ya fi tsari."

Na ja kujera na zauna. Na ce ya sauko da kwalin.

Haka tarin ya fara. Na soyayya da ban dariya kaɗai nake ɗauka, don na gwada wani na yaƙi sau ɗaya, Malam ya yi barci kafin a harba bindigar farko. Tsohon ya koya mini yadda ake gane na ƙarshe-ƙarshen tun daga hoton jiki: guntun gashi, hula mai rufe goshi, motoci masu dogon hanci. In sabuwar kwantena ta sauka sai ya aiko mini da saƙo ta bakin mai kai masa kaya. Na sa wata ƙawata mai fataucin Kwatano ta dinga duba mini a can, ta kawo mini shirme sau uku kafin ta gane cewa ba kowane baƙi-da-fari ne bebe ba. Na kwashe kwanonin aurena daga kabad mai gilashi na jera faya-fayai a wurin. Yayata da ta zo daga Tanda ta gani, ta riƙe haɓa, ta tambaye ni a asirce ko lafiyata ƙalau.

Zan yi ƙarya in na ce duk don Malam nake yi. Abin ya shiga jinina. Na taɓa sayen fim ɗaya sau biyu, don an canza masa hoto da suna, na yi kwana biyu ina huci. Akwai wanda rubutunsa ba Faransanci ba, ba Ingilishi ba, wasu haruffa ne kamar ƙafar kaza, amma na ƙi rabuwa da shi saboda wata harara guda da yarinyar ciki ta yi wa maigidan kantinsu. Akwai wanda ƙarshensa ya ɓace tun a can, ana tsaka da neman aure sai kawai hoto ya tsaya, rubutu ya fito cewa sauran ba a same shi ba. Auta ta ce wannan zalunci ne. Malam ko a jikinsa. Ya ce ai an ɗaura auren, sai dai sun ƙi nunawa saboda dangin ango ba su yi shigar kirki ba.

Labaran kusan duk ɗaya ne, kuma ban taɓa gajiya ba. Yarinya talaka ta ari riga ta shiga cikin masu kuɗi. Ɗan mai kanti ya ɓoye asalinsa ya kama aikin dako don ya zauna kusa da wadda yake so. A yi musayar jaka, a ɓoye mutum a kabad, uban yarinya ya shigo da sanda. Abin da ke kama ni shi ne kunyar da ke ciki. Mutum biyu suna son juna, kowa ya gani, amma sai an zagaya gari kafin hannu ya taɓa hannu. Na ce ashe anasaran da ma sun san ta ido.

Wahalata ɗaya ce, rubutun nan da ke fitowa. Yawancinsa Faransanci ne, kuma ni ina karantawa. Sai allo ya yi baƙi, a rubuta cewa saurayin ya ce tun ranar da ya gan ta bai ƙara barci ba. Malam kuwa sai ya gyara zama ya ce, "Ya ce mata, ni da ke har Kwatano, ba birki." Kowane ɗan sanda a bakinsa takardun mota yake tambaya. Kowane uban yarinya cewa yake, "Wa ye ubanka a garin nan?" In auta ta tambaye shi rubutun fa, sai ya ce talla ce, ko sunan unguwa. Ni da jan bik, ina zaune, ina haɗiye gyara kamar mai haɗiye ƙaya. Rake ya cece ni. Duk lokacin da gyara ya taso mini sai in cusa gaɓa a baki, har haƙorina ɗaya ya fara girgiɗi.

Wani lokaci mukan maimaita fim, fassarar ta fito sabuwa fil. Auta ta kasa haƙuri ran nan, ta matsa kusa da kunnensa ta ce, "Baba, wancan makon cewa ka yi ta yarda."

"Ta sake shawara," in ji shi. "Mace ce."

Mijina ya dawo. Ya dawo tsakar gida da surutunsa, yana ba maƙwabciya labarin mai safar hannu ta kan katanga. Ya koma kirana Madam. Ya fara leƙa tasha, ya zauna cikin abokansa, ya karɓe hirar gaba ɗaya don kada wani ya samu sararin yi masa tambaya. Na yi ta gode wa Allah, ban san a can tashar ce za a ɗauko mini wuta ba.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci fuska a sake, ya ce in shirya, jibi abokansa shida za su zo kallo. Ya ba su labarin wani irin Ingilishi da ba mai jin sa a Gaya sai shi, sun ce sai sun gani.

Na hango abin da zai faru. Tsofaffin direbobi shida, masu kunne ras, waɗanda ba su da aiki sai shayi da tsiya. Minti ɗaya ya ishe su. Kafin magariba labari ya kai duwan wajen ƴan kwastan, ya ƙetare gada, kuma har ya mutu sunansa mai jin maganar bebaye. Na san su, na san bakinsu.

Na ce na'urar ta lalace. Ya ce zai kira mai gyara. Na nuna masa falo na ce ya yi ƙanƙanta. Ya ce a fito da tele tsakar gida. Na ce in aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, fa? Ya ce ɗayansu na da ɗan inji. Duk wannan da ihu ake yi, ku tuna, don da Malam ba a magana a hankali. Asabar da hantsi ya gane cewa hanya nake tarewa, sai ya juya abin wani wuri. Ya ce ya sani, rowar faya-fayaina nake. Ya ce dama can ina raina direbobi, ina ganin masu warin gazuwal ba su isa su zauna a kujerun Madam ta lekol ba. Ya ce shekara talatin ina gyara masa magana a zuci, yana gani a idona.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Wata takwas ina tauna rake saboda mutumin nan!

"Malam, ba sa magana!" na ce.

"Me?"

Ba a yi wa mai ciwon kunne raɗa. Asirin da ya kamata in faɗa masa a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, hannuna a kan nasa, ga ni a tsakar gida ina kwarara shi.

"Mutanen fim ɗin! Ba sa magana! Babu murya a ciki!"

"Wa ya yi magana?"

Auta ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana girgiza mini kai. Na ga kan maƙwabciya ya ɓullo ta katanga ya koma. Amma magana zarar bunu ce, na riga na zaro. Na daina ihu. Na nuna falo inda tele take, na nuna bakina, na kaɗa hannu alamar babu. Na nuna kunnena, na nuna na auta, na sake kaɗa hannu. Abin da ihu uku ya kasa, hannu ya yi shi nan take. Na ga lokacin da ya shige shi.

Sai ya tambaya, a hankali, irin muryar da ban san yana da ita ba:

"Tun na farkon?"

Na gyaɗa kai.

"Ita ma ta sani?" Ya nuna auta da haɓa.

Na gyaɗa kai.

Ya sa takalmansa ya fita. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na zagi auta a kan miyar da ba ta yi laifin komai ba.

Abokan ba su zo ba, ban san abin da ya gaya musu ba. Ya koma zaure da buzunsa. Abinci in an kai ya ci, in na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Kwana takwas muka yi haka. Na yi tunanin in kwashe faya-fayan in zuba a kogi, na buɗe kabad ɗin, na kasa. A kasuwa tsohon mai gwanjo ya gaya mini cewa wani dattijo daga Gaya ya zo rumfarsa, ya ɗauki faifai ɗaya ya tambaya da ƙarfi ko gaskiya ne ba a magana a ciki. Tsohon ya gyaɗa masa kai. Dattijon ya ce, to su waɗanda suka yi shi, su ma kurame ne? Tsohon ya girgiza kai. Sai dattijon ya ce, "Amma sun yi wa kurame kirki," ya juya ya tafi. Karo na farko ke nan da na ji kalmar ta fito daga bakinsa, ita ma a bakin wani na ji ta.

Lahadi ta biyu bayan azahar ina falo ina gyaran kaye, auta na kwance da littafinta, sai ga shi ya shigo. Bai dube ni ba. Ya buɗe kabad, ya daɗe yana duba hotuna, ya zaro ɗaya ya miƙa wa auta. Na wata mai sayar da furanni ne da wani ɗan masu kuɗi da ya yi shigar direba. Ya zauna a kujerarsa. Fim ya fara, babu fassara. Ɗan sanda ya fito, ba a tambayi takardun mota ba. Falon ya yi mini faɗi, kiɗan nan ƙwal-ƙwal ya dinga shiga mini har ƙashi.

Da rubutu na farko ya fito sai ya ce, yana kallon tele, "Madam. Wannan me ya ce?"

Na fara karantawa.

"Ba daga can ba. Jawo kujera nan gabana, in ga bakinki."

Na jawo kujerar tsugunno na zauna a gefen tele, ina fuskantarsa. In rubutu ya fito in leƙa in karanta, in juyo in faɗa masa da Hausa, a hankali, ina buɗe baki kamar ina koya wa ƴan aji ɗaya. Ya dinga kallon leɓɓana yana gyaɗa kai. Wani wurin ya ce, "Af, ashe ƙanwarsa ce. Ni na aurar da su tuni." Wani wurin ya yi tsaki ya ce tasa fassarar ta fi, kuma gaskiyarsa ne, ta fi.

Aka zo ƙarshe. Asirin saurayin ya tonu, yarinyar ta yi fushi ta tafi, ya bi ta cikin ruwan sama, furanninta sun zube a titi yana tsincewa ɗaya-ɗaya. Ta tsaya, ta juyo, bakinta ya motsa. Allo ya yi baƙi, kalma uku suka fito.

Na karanta a zuci, ban juyo ba.

"Me ta ce?" in ji Malam.

Shekara talatin da huɗu muna tare. Na haifa masa shida, na yi jinyarsa da ya karye a hanyar Doso, na san yawan sukarin shayinsa ko ido rufe. Amma wannan magana ban taɓa faɗa masa ita ba, shi ma bai taɓa ba. Mu ba a haka aka rene mu ba. Na ce masa talla ce.

"Ƙarya kike, Madam. Karanta."

Auta ta tattara littafinta ta fice, har tana tuntuɓe da tabarma.

Na dube shi, na ce, "Ta ce, ina son ka."

Ya ƙura wa bakina ido. Ya karkato da kai, ya sa tafin hannu a bayan kunnensa, a karo na farko a gabana, bai ɓoye ba.

"Me?" in ji shi. "Ban ji ba."

Har yau ban san ko da gaske bai ji ba. Na matsa kusa na maimaita.